FILIN DA BA A GANI: WA KE RABON ISKAR WAYAR SALULA?

 

Kai da kake karanta wannan takarda, wataƙila akwai wayar salula cikin aljihunka. In ba ka da ita, ɗanka ko maƙwabcinka yana da ita. Ka kuma san halinta. Ran da ka je birni tana magana garau, tana kawo murya, tana kawo hoto. Da ka komo gida sai ta yi shiru. Sai ka hau tudu, ko ka tsaya gindin wani gawo da kowa ya sani, ka ɗaga hannu sama kana neman rezo. Akwai garuruwan da ake rataye wayoyi a reshen itace guda, yaro yana tsaronsu. In ɗaya ta yi kuka ya sheƙa ya kira mai ita.

Wasu suna cewa laifin kamfani ne. Wasu suna cewa laifin wayar ne. Kowanne yana da tasa gaskiya. Amma akwai abu na uku wanda ba a cika faɗa ba, kuma a Yamai ake yanke shi, cikin ofis, bisa takarda. Shi ne rabon iska. Shi za mu bayyana maka a wannan fitowa, domin ka san abin da ake rabawa da sunanka.

ISKA MA FILI CE

Ka tuna akwatin radiyon mahaifinka. Akwai lambobi jere a fuskarta: 25, 31, 41, 49. Mai magana yakan ce, "Kuna saurarenmu a kan mita 49." Sai a murɗa allura har ta kai wurin. Yau ma haka ne a FM, daga lamba 87.5 zuwa 108. Muryar Sahel tana da wurinta. Radiyon karkara ta yankinku tana da nata. In tashoshi biyu na kusa da juna suka hau lamba guda, ba ka jin ko ɗaya, sai hayaniya.

Mine ne waɗannan lambobi? Ka jefa dutse cikin tabki, ka ga yadda ruwa ke yin igiya yana bazuwa. Haka radiyo ke aika magana, sai dai igiyarta ba ta ganuwa. Igiyar tana kaɗawa da sauri ƙwarai. Lambar da kake gani a FM ita ce ke nuna yawan kaɗawarta cikin daƙiƙa guda. In ta kaɗa sau miliyan ɗaya, ana ce da shi megahaz ɗaya. An ɗauko sunan daga wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda ya tabbatar da akwai wannan igiya wajen shekarar 1887. To tashar da ke lamba 100 a FM, igiyarta tana kaɗawa sau miliyan 100 kowace daƙiƙa.

Wayar salula ma radiyo ce. Ƙaramar radiyo ce mai saurare kuma mai magana. Tana magana da anten, wato dogon ƙarfen nan da kamfani ke kafawa, anten kuma ya miƙa maganar gaba. Saboda haka ita ma sai an ba ta lambobinta. Ba ita kaɗai ke nema ba. Jirgin sama yana nema domin ya yi magana da filin sauka. Soja da jandarma suna nema. Talabijin yana nema. Tauraron ɗan adam yana nema. Lambobin da ke da amfani kuwa suna da iyaka, kamar yadda gonakin gari ke da iyaka. Ba a ƙara su. Sai dai a gyara rabo.

Jerin lambobi da aka keɓe wa aiki guda, shi muke kira zango, kamar yadda masu radiyo ke cewa gajeren zango. Dukkan zangunan in an haɗa su, shi muke kira filin iska.

WA KE DA FILIN?

Filin iska ba na kamfani ba ne. Dukiyar ƙasa ce, ta kowa da kowa, kamar makiyaya da burtali da tabkin gari. Gwamnati ce ke riƙe da shi a madadin jama'a. Kamfani haya yake karɓa, na shekaru ƙidayayyu, galibi 15. Takardar hayar ita ce lasisi.

Kun san aikin hukumar kula da filaye ta gari, wadda dokar tsarin karkara ta 1993 ta kawo. Ita ke rubuta iyakar gona, ta shata burtali, ta sasanta manomi da makiyayi. Filin iska ma yana da tasa hukumar. Sunanta ARCEP. An kafa ta a 2018. Kafin ita akwai ARTP tun 2012, kafin wannan kuma akwai ARM tun 1999. ARCEP ce ke riƙe da littafin rabo: wane kamfani ke wane zango, faɗin nawa aka ba shi. Tana da na'urorin da ke sauraren iska domin kama wanda ya shiga gonar wani. Lasisin kansa kuwa majalisar ministoci ce ke amincewa da shi.

Amma igiyar radiyo ba ta san iyakar ƙasa ba. Mutanen Ɗan Isa da Birnin Ƙonni da Magarya sun fi kowa sanin haka. Sau da yawa wayarsu takan kama rezon Nijeriya suna zaune cikin gidajensu, kuɗin kira ya tafi ba su san dalili ba. (In haka na samunka, ka sa wanda ya iya ya shiga cikin wayar ya zaɓa maka rezonka da hannu, kada ta zaɓa da kanta.) Domin irin wannan ne ƙasashen duniya suke da ƙungiya guda mai tsara rabon iska. An kafa ta a birnin Paris a 1865, tun zamanin wayar tangaraho. Mazauninta yana Janeba, ƙasar Suwis. Masu Faransanci suna kiranta UIT. Duk bayan shekara uku ko huɗu takan yi babban taro. Na 2019 a ƙasar Masar aka yi shi, na 2023 a Dubai. A can ake cewa zango kaza na talabijin ne, zango kaza na waya ne. Kowace ƙasa ta komo gida ta raba nata bisa wannan tsari. Shi ya sa wayar da aka ƙera a Sin take aiki a Tawa, take aiki a Makka.

AKWAI FADAMA, AKWAI JIGAWA

Nan ne zancen ya shafe ka kai tsaye. Ka natsu.

Gonaki ba ɗaya ba ne. Kadada guda ta fadama ba daidai take da kadada guda ta jigawa ba. Haka zangunan iska. Wayar salula tana aiki a zango da dama: 700, 800, 900, 1800, 2100, 2600, har 3500 megahaz. Waɗanda ke ƙasa da 1000, mu ce da su zangon ƙasa. Waɗanda suka haura, zangon sama.

Zangon ƙasa yana tafiya nesa. Yana kewaye itatuwa da ƴan tuddai, yana ratsa bangon laka ya iske ka cikin ɗaki. Zangon sama yana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ya nisa, kuma bango na tare shi. Ka lura da dare in ana biki a garin da ke gaba da ku. Kana jin amon ganga sarai, amma muryar masu waƙa ba ta iso ka. Amon ganga mai kauri ne, shi ke cin nisa. Kusan haka abin yake. Tsawon igiyar zangon 800 santimita 37 ne, bai kai kamu ɗaya ba. Na 2100 santimita 14 ne. Na 3500 bai wuce faɗin tafin hannu ba. Iyakar tsawon igiya, iyakar nisan da takan ci.

Yanzu ga lissafi. Ka ɗaure akuya a turke da igiya gaba biyu. Ta cinye ciyawar da ke kewaye da ita. Gobe ka ƙara igiyar ta zama gaba huɗu. Ciyawar da za ta kai gare ta ninki nawa ce? Mai gaggawa zai ce biyu. A'a, huɗu ce. Ka zana bisa ƙasa ka gani. Haka anten. In zangon ƙasa ya ba shi damar kai ninki biyu na nisa, ƙasar da zai rufe ninki huɗu ce. Ke nan anten guda ya yi aikin huɗu.

A Yamai ko Maraɗi wannan bai dami kamfani ba. Mutane suna cunkushe, kowane anten yana da dubban masu saye. Amma faɗin ƙasarmu murabba'in kilomita 1,267,000 ne, kuma cikin mutum goma kusan takwas a karkara suke, gari nan, ruga can. Kowane anten sai an kafa ƙarfe, an ba shi wuta da inji ko hasken rana, an sa mai gadi, an kai masa mai da gyara ta hanyar rairayi. In sai an kafa huɗu kafin a rufe garuruwanku, kamfani zai yi lissafi ya ce bai ci ba. In guda ya isa, yana iya zuwa. Saboda haka zangon ƙasa shi ne fadamar mutanen karkara. Duk ran da ka ji radiyo ta ce gwamnati ta ba kamfani kaza zango, tambaya ta farko ita ce: na ƙasa ne ko na sama?

Tambaya ta biyu ita ce faɗinsa. Burtali mai faɗi garke duka ke wucewa a tare. Ƙunci kuwa sai ɗaya bayan ɗaya. Wayar farko, wadda ake kira 2G, hanyarta siririya ce, kashi ɗaya cikin biyar na megahaz. Ta isa magana da gajeren saƙo. 3G tana son megahaz 5. 4G takan ci har 20 a hanya guda. 5G takan ci har 100. Abin da ake kira intanet mai ƙarfi, mai kawo hoto da murya ba jira, faɗin hanya ne kawai. Kuma hanyar ta kowa ce. Shi ya sa ranar kasuwa rezo ke nauyi: garke ya yi wa burtali yawa.

YADDA TALABIJIN YA SAKI FILI

Zangon ƙasa bai da yawa, kuma tun da daɗewa an ba talabijin mafi kyawunsa. Dattawa sun tuna akwatin talabijin na gari, mai aiki da hasken rana, da ake taruwa kallo a dandali bayan an buɗe Tele Sahel a ƙarshen shekarun 1970. Irin wancan tsohon tsari mai cin fili ne. A zangon da muke zance, tasha guda takan cinye megahaz 8 ita kaɗai. Daga baya aka samo sabon tsari, na lambobi, wanda ke cusa tasha goma ko fiye cikin wannan megahaz 8 ɗin. Kamar manomin da ya sami taki da iri mai kyau ne: abin da yake samu a kadada goma ya koma samunsa a ɗaya, saura tara suka zama rara.

A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu a Janeba cewa za a bar tsohon tsari a wannan zango ran 17 ga watan Yuni 2015. Ƙasashen Afirka da yawa ba su cika wa'adin ba, domin aikin yana son kuɗi. Amma ƙofa ta buɗe. Taron 2007 ya ba wayar salula daga 790 zuwa 862, shi ne zangon 800. A taron 2012 wakilan Afirka da na Larabawa suka matsa a ƙara. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Suka ce mu tashoshin talabijin ɗinmu kaɗan ne, filin a kwance yake, kuma ba mu da wayar igiya gida gida kamar Turai, da salula muka dogara. Aka yarda. Daga 2015 zangon 700, wato daga 694 zuwa 790, shi ma ya shiga rabon waya. Wannan nasara ce da Afirka ta ciwo da bakinta, ko da yake mutane kaɗan suka ji labarinta.

KUƊI KO SHARAƊI?

To, fili ya samu. Yaya za a ba da shi?

Wasu ƙasashe gwanjo suke yi, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta yi haka a watan Disamba 2021. Kamfani biyu, MTN da Mafab, kowanne ya ɗauki megahaz 100 a zangon 3500 a kan dalar Amurka miliyan 273.6. Wasu ƙasashe kuma gwamnati ce ke yanka farashi, ta zauna da kamfani a daidaita.

A nan gida wayar salula ta fara bazuwa daga 2001, da kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain, ya koma Airtel. Telecel ta zo, ta koma Moov. Orange ta shigo a 2008, ta sayar a 2019, aka sami Zamani. Sonitel da SahelCom na gwamnati aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom. Kuɗin da ake biya ba na wasa ba ne. A 2014 Airtel ta biya sefa miliyar 34 domin sabunta lasisinta da samun na 3G. A 2018 ta biya miliyar 12 domin 4G, ta fara aiki da shi a 2019. Miliyar 12, in kana son ka ji nauyinsa, jika miliyan 12 ke nan.

Baitulmali yana bukatar kuɗi, ba mai musun wannan. Da su ake biyan malamin makaranta da na asibiti. Amma ka tambayi kanka: kamfanin da ya zuba wannan dukiya, ina zai maido ta? Daga aljihun mai waya. Kuma ina zai fara? Inda aljihu suka fi yawa. In ka karɓi hayar gona da tsada, ba ka fara noma daga gefen da ke da tsakuwa. Ke nan lasisi mai tsada, in ba a ɗaure shi da komi ba, birni yake amfana, ƙauye ya jira.

Akwai wata hanya. Kowane lasisi yana tafe da takardar sharuɗɗa. Cikinta ake rubuta wuraren da kamfani zai kai rezo, da shekarar da zai kai, da irin ingancin da ake so. Mu a ganinmu, wannan takarda ta fi kuɗin lasisi muhimmanci gare ka. Ga misali biyu daga nesa.

A 2010 Jamus ta sayar da zangon 800. Ta ce wa masu saye: ba ku taɓa manyan birane da wannan zango ba sai kun fara da ƙananan garuruwan da ba su da intanet, masu mutum ƙasa da 5000. In kun rufe kashi 90 cikin 100 na mutanensu, ku matsa zuwa na gaba da su. Kamfanoni suna ɗokin birni, saboda haka suka yi aikin ƙauye da gudu. Dabarar uwa ce: ba ka cin nama sai ka gama tuwo.

A 2018 Faransa ta yi wata. Lasisin kamfanoninta sun kusa ƙarewa. Maimakon ta yi gwanjo ta tara kuɗi, ta ce za ta sabunta musu, amma kowane kamfani ya kai rezo sababbin wurare 5000 da hukuma za ta nuna, kuma a maida tsofaffin anten su zama 4G. Gwamnati ta bar kuɗin da za ta samu, ta karɓi ƙarfe a ƙasa.

Ba mu ce a kwaikwayi Turai ido rufe ba. Su suna da wuta da hanya ko'ina. Amma dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Dokar tsarin karkara ta ce wanda ke riƙe da gona wajibi ne ya raya ta. In ya bar ta shekara uku a jere ba dalili, hukumar filaye tana iya ba wani ya noma. Mi zai hana filin iska bin wannan ƙa'ida? Kamfanin da aka ba zango na ƙasa baki ɗaya, ya yi aiki da shi a birane kaɗai, ya bar Dakwaro da Tanut da Abalak a kwance, ya kamata ko ya raya ko ya bar wani ya raya. Haka kuma kamfani biyu ko uku suna iya hawa ƙarfe guda su raba tsada, kamar yadda gidaje ke tarayya a rijiya guda.

Sharaɗi kuwa sai da mai bin sawu. A 2017, da kuma 2023, hukuma ta ci kamfanonin nan huɗu tara, kowane karo fiye da miliyar 3 in an haɗa, saboda aikinsu bai kai yadda aka rubuta ba. Akwai kuma wani kaso da doka ta sa kamfanoni su riƙa zubawa cikin asusu na musamman, domin kai waya inda ba riba. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin da ake kira na ƙauyuka masu basira, ƙarƙashin hukumar ANSI, da niyyar kai rezo garuruwa fiye da 2000. Ya dace ka tambaya ko sunan garinku ya shiga.

MI ZA KA YI DA SHI?

Wani zai ce, ni manomi ne, ina ruwana da intanet, na yaran birni ne masu kallon wasa. Bari mu ba ka abin da aka auna a ƙasar nan.

Wata malamar jami'a ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo ke shiga kasuwa bayan kasuwa. Ta tarar inda waya ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake. Da can sai ɗan kasuwa ya hau mota ya je ya gani. Yanzu kira guda ya isa, hatsi ya tafi inda ake bukatarsa.

Na biyu ya shafe ku ƴan yaƙi da jahilci. A 2009 da 2010 an yi gwaji a garuruwa 113 na jihohin Doso da Damagaram. Duka an koyar da karatu da lissafi. A rabinsu an ƙara koya wa ɗalibai aiki da waya, su rubuta saƙo su karanta. Da aka yi jarrabawa, masu waya suka fi, kuma bayan an rufe aji sun fi riƙe abin da suka koya. Ka san ciwon da ke cin karatun manya: rashin abin karantawa. Wanda ke rubuta wa ɗansa da ke bida a Abijan ko Agadas saƙo kowane mako, hannunsa ba ya mutuwa.

Wannan duka da ƙaramar hanya ta 2G aka same shi. Hanya mai faɗi tana ƙara abin da magana ba ta iyawa. Tsutsa ta faɗa wa masararka ko tumatirinka, ba ka san sunanta ba. Ka ɗauki hotonta ka aika, malamin gona ya gani da idonsa ya faɗa maka magani, ba ka sayi na banza ba. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta yi shekaru tana amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci, da murya, domin wanda bai iya karatu ba ma ya amfana. Mai albasa a Galmi yana nuna wa mai saye kayansa kafin a ɗora buhu ko ɗaya a mota. Ke kuma uwargida, kuɗin da aka aiko miki yana iso ki ba ki biya mota zuwa birni ba. Amma hoto ba ya wucewa ta siririyar hanya. Sai ka ga yana juyawa, yana juyawa, har batir ya mutu.

Kada mu ruɗe ka. Zango shi kaɗai ba ya kawo rezo. Sai da wuta, sai da babbar igiyar da ke haɗa anten da sauran duniya, sai da kwanciyar hankali, domin inda ƴan bindiga ke yawo ma'aikaci ba ya zuwa gyara. Wayar da ke ɗaukar 4G ma tana da tsada ga talaka. Saboda wannan muke cewa a yi hattara da wani abu. Ƙasashe da yawa suna kashe 2G domin su ba sabon tsari zangonta na 900. A wurinmu mafi yawan mutanen karkara ƙaramar waya mai maɓalli gare su. In aka yi gaggawar kashe tsohuwar hanya, su za a rufe wa baki.

Akwai kuma wurin da bai kamata a ba kowa haya ba. Tururin ruwan da ke sama yana fitar da wata siririyar igiya a wajen 23,800 megahaz. Taurarin ɗan adam suna saurarenta domin su san yawan laimar da ke cikin iska. Irin wannan awo yana cikin abin da masu hasashen yanayi ke aiki da shi, kuma a Yamai muna da cibiyar AGRHYMET tun 1974, mai bin sawun damana domin ƙasashen Sahel. Da aka zo ba 5G zangon da ke maƙwabtaka da wannan lamba, masana yanayi suka yi kuka, suka ce hayaniya za ta toshe musu kunne. Taron 2019 ya sa iyaka ga ƙarfin da anten zai fitar a wurin. Ka ga ashe har labarin ranar shuka yana da burtalinsa cikin iska.

Wani gargaɗi. Ana sayar da wata na'ura a kasuwa, wai mai ƙara ƙarfin rezo, a ɗaure ta bisa gora a kan soro. Wadda ba hukuma ta yarda da ita ba tana iya ba gidanka rezo ta lalata na sauran gari, domin tana yi wa anten ihu cikin kunne. Daidai take da wanda ya shuka cikin burtali. Kafin ku haɗa kuɗi ku saya, ku tambayi kamfani.

KU RUBUTA

Mai rabo a ofis taswira yake dubawa. Taswira tana iya nuna an rufe garinku alhali kuna hawan tudu. Ba wanda zai gyara ta sai ku, kuma ku ne kuka iya rubutu.

Ka ɗauki takarda. Ka rubuta sunan gari da na komin. Ka rubuta yawan gidaje, da ko akwai kasuwa, makaranta ko ɗakin shan magani. Ka rubuta kamfanin da ke kamawa da wanda ba ya kamawa, da nisan da kuke tafiya kafin ku samu. In akwai mai babbar waya, ku dubi saman gilashinta kusa da sandunan rezo. Harafin E yana nufin 2G ce kaɗai. H ko 3G ta fi ta. 4G ita ce mai faɗi. Ku duba da safe, ku duba da dare, ku duba ranar kasuwa, har mako guda, kuna rubutawa.

Ku yi kofi uku. Ɗaya mai gari ya sa hannu ya kai wa hukumar komin, a roƙe ta ta miƙa wa ARCEP, domin karɓar koken masu waya yana cikin aikinta. Ɗaya ku ajiye wurin sakataren ƙungiyarku, da kwanan wata a kanta. Ta uku ku aiko gidan radiyo, ko ku ba malamin gona ya kawo mana in ya shigo gari.